Hattara da mai gyaran tsohuwar rediyo da ke bi gida-gida a Kano

Jama'ar Kano, musamman masu tsofaffin kayan gado a ɗaka, ku ji abin da ya same mu, kada wani ya faɗa ramin da muka faɗa.

Marigayi Baba ya bar mana rediyo ƙirar Philips, irin mai akwatin katako da ƙafafu huɗu, da garmaho ta sama. Tun kafin a haife ni take falonsa. Gajeren zango da matsakaici kawai take kamawa, babu FM. Hajiya ta ce da ita yake jin BBC Hausa, wadda ta fara a 1957, da Rediyon Kaduna in an idar da sallar isha'i. Bawul ne a cikinta, wasu kwalabe shida masu kama da ƙwan lantarki. In an kunna sai sun ɗauki zafi, cikinsu ya yi ja kamar garwashi, sannan murya ta taso a hankali. A gaba akwai wani koren ido da ke tsukewa in ka dace da tasha. Muna yara tsoronsa muke ji.

Ta fi shekara 20 ba ta ce uffan ba. Bayan ƙaramar Sallah na sa hotonta a Facebook ina cigiyar mai gyara. Washegari wani ya kira ni, ya ce aikinsa ke nan tun yana yaro, kuma ba sai na sha wahalar ɗauko ta a Adaidaita ba, shi zai zo. Ya zo tsaf da shi, da jaka da mita. Ya buɗe bayanta yana kiran lambobin bawul ɗin kamar mai karanta Fatiha: ECH81, EF89, EZ80. Wallahi nan ya saye ni. Ya nuna guda ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan EL84 ɗin ce ta ƙone, kuma yanzu duk duniya an daina yin ta. Sai dai in sa a nemo mana a Legas." Ya kwance kayan cikin gaba ɗaya, ya naɗe a buhu, na ba shi naira dubu 45 kafin alƙalami. Ko shagonsa ban tambaya ba.

Bayan mako biyu ya dawo da su ina kasuwa. Ƙanena ya shigo da shi, mutumin ya ɗaura, ya rufe bayan, aka kira ni na ji muryar rediyon ta waya, na tura masa cikon dubu 25. Hajiya har da hawayenta.

Kawu ne ya gano, ranar Juma'a da ya zo gaishe ta. Na kunna masa ina washe baki, ya yi shiru, can ya ce, "Ɗan nan, wannan ba rediyon Yaya ba ce. Ta Yaya sai ka kunna ka je ka zuba shayi kafin ta yi magana. Kuma yaushe ta koyi kama FM?" Ya murɗa maɓallin neman tasha, allura ta yi ta tafiya daga wannan gefe zuwa wancan, tashar ba ta canza ba. Muka kwance bayan. Wani ɗan allon lantarki ne wanda bai kai tafin hannu ba, irin na sifikar 'yan talla mai ramin USB, an jona shi da cajar waya. An manna bawul biyu da gam, an sa musu ɗan jan ƙwai a baya don in ka leƙa ta ramukan ka ga haske. Babban taransifoma babu, ƙaramin na sifika babu, sauran bawul babu. Lambar mai gyaran kuwa a kashe har yau.

Na kai hotunan cikinta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari, wanda da ma shi ya kamata in nema tun farko. Ya ce ba ni ne na fari ba. Bawul masu lafiya da taransifoma na asali suna da masu nema, abin da ya rage kuma 'yan gwangwan su auna jan ƙarfensa. Ya ce zancen an daina yin EL84 ƙarya ce, har yanzu ana ƙera ta saboda masu amfilifayar jita suna amfani da ita. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne da ya ce, "Yaro, rediyon da aka daɗe da ajiyewa ba kasafai bawul ke zama ciwonta ba. Kwandansa ne, 'yan kayan da ke tara wuta, irin na takarda da kakin zuma, su suke lalacewa da tsufa, sai manyan da ke bushewa. A canza su, a goge soket, a duba igiyar allura, yawanci ta tashi." Wato mai yiwuwa aikin yini biyu ne na sayar da gadon Baba a kansa.

Don haka duk wanda ya ce zai tafi da kayan cikin ya bar maka akwati, ka bi shi ka ga shagon da idonka, ka tambayi maƙwabtansa shekararsa nawa a wurin. Kafin ya taɓa, ɗauki hoton kowane bawul da lambarsa, ka ƙirga su a gabansa. Duk abin da ya ce ya canza, ya dawo maka da tsohon. Ranar karɓa a buɗe bayan kana tsaye, ka kunna ka jira: in ta yi magana nan take, akwai lauje cikin naɗi. Amma kada ka zura hannu ciki da kanka. Wutar da ke yawo a nan tana haura bolt 250, kuma manyan kwandansan suna riƙe ta ko bayan an zare fulogi. Wadda ta daɗe a ajiye ma kada a jona ta kai tsaye don gwaji, taransifoman na iya ƙonewa.

Mutumin da ya cuce mu matsakaicin tsayi ne, mai sanyin murya, yana yawan cewa "ni amana nake ci da ita". Yana bibiyar hotunan tsofaffin kaya da ake sawa a intanet, kuma ba ya taɓa yarda a same shi a shago. Dattijon nan ya ce zai sa ido ko Allah zai sa kayan cikin irin tamu su faɗo kasuwa. Akwatin yana nan a falo, Hajiya ta hana a kunna, ta mayar masa da ƙyallen da Baba yake rufe shi da shi.