MinION a Bauchi: na'urar karanta DNA ta shiga aljihu, amma hidimarta ba ta shiga ba

MinION, na'urar karanta jerin ƙwayoyin halitta ta kamfanin Oxford Nanopore na Ingila, nauyinta bai wuce giram 130 ba, kuma da kebul ɗin USB ake jona ta da kwamfuta. Wannan ƙanƙanta ita ke ruɗar masu sa hannu a kasafin jami'o'i da asibitoci, har su ɗauka da an sayo ta an gama. Ga ɗakin gwaji a Bauchi ko Gombe, sayen na'urar shi ne mafi sauƙi a lamarin. Aikin yana wajen sanyi, wuta, kwamfuta da hannun ma'aikaci.

Babu fitila ko kyamara a cikinta, shi ya sa ba ta da girma. Ana ɗora mata wani faranti da ake canzawa, wanda ma'aikata ke kira fulosel. A cikinsa akwai siririyar fata da lantarki ba ya ratsawa, an dasa mata ramuka na furotin, ga ruwan gishiri sama da ƙasa. Idan aka saki ƙarfin lantarki na kusan milibolt 180, gishirin da ke ruwan sai ya riƙa bi ta ramukan, na'urar kuma tana auna gudunsa. Wani enzayim, wato furotin mai aiki kamar ƙaramin inji, da aka liƙa a bakin DNA yana warware igiyarta biyu, yana tura ɗaya cikin rami kamar mai jan carbi, haruffa kusan 400 a daƙiƙa. Kowane gungun haruffa yana toshe ramin ta salonsa, lantarkin ya hau ko ya sauka. Wannan hawa da sauka ne manhaja mai ƙirƙirarriyar basira ke mayarwa A, C, G da T, haruffa huɗu na DNA. David Deamer ya zana dabarar a 1989, aka nuna tana yiwuwa a 1996, MinION kuma ta fara isa hannun masu bincike a 2014.

Dalilin da ya sa ta shafe mu a nan shi ne zazzaɓin Lassa, wanda Bauchi ke cikin jihohin da ya fi damu, tare da Ondo da Edo. Gwajin PCR yana gaya maka akwai cutar ko babu. Karanta jerin ƙwayar cutar yana nuna wace iri ce, da kuma ko ta wannan majiyyaci ’yar gida ɗaya ce da ta wancan. A 2018, da Lassa ta yi ƙamari aka shiga fargabar ko sabuwar iri ce mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane, da wannan na'ura aka yi aiki a asibitin koyarwa na Irrua a jihar Edo. Sakamakon ya nuna yawancin kamuwar daga ɓera take zuwa, daban-daban. Kafin nan an yi amfani da ita a Gini a 2015 lokacin Ebola. Tana kuma aiki wajen gano bakteriyar da ta daina jin magani, da cututtukan amfanin gona irin na rogo. Sai dai a sani, yawancin kayan haɗinta na bincike ne, ba na yanke wa majiyyaci hukunci ba. Kuma jinin da ake zargin Lassa ba a buɗe shi sai a ɗakin da aka tanada don haka, kuma ba a aiki da shi sai bayan an kashe ƙwayar cutar.

Fulosel ɗin shi ne inda kuɗi suke, kuma shi ne ya fi komai lalaci. Yana da ramuka 2048 da ke aiki ta layuka 512, kamfanin kuma yana lamunce aƙalla 800 masu rai. Ana ajiye shi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan ya daskare ya mutu, babu gyara. A nan ake yawan asara tun kafin kaya su iso: an taso daga Abuja ta Jos cikin zafin Afrilu, direba ko ɗan aike ya ga gara ya kyautata, ya manna farantin a jikin ƙanƙara cikin kula. Dole a raba su da kwali ko soso. Sinadaran haɗi kuma akasin haka suke, firiza suke so a digiri 20 ƙasa da sifili. Ke nan kana buƙatar firij da firiza, duka a kan inbata, da ma'aunin zafi mai ajiye bayani a cikin kowanne. Ranar da kaya suka iso, bar farantin ya dawo zafin ɗaki na minti 20, ka ɗora shi, ka sa manhajar MinKNOW ta ƙirga ramuka. Aikin minti goma ne. In bai kai 800 ba, kai ƙorafi nan take, don wa'adin gajere ne. Lamunin kansa na kusan wata uku ne, saboda haka kada a sayi na shekara guda wai don a samu ragi.

Na'urar ba ta yafe wa DNA mai datti. Kayan haɗi na liƙa enzayim suna son kimanin maikrogiram ɗaya na DNA mai tsafta. A auna yawanta da na'urar Qubit, domin ɗayan ma'aunin, NanoDrop, yana haɗawa da RNA da tarkace ya ba ka adadin da ya wuce gaskiya. Amfanin NanoDrop shi ne duba tsafta: awon 260/280 ya zo kusa da 1.8, na 260/230 kuma 2.0 zuwa 2.2. In na biyun ya faɗi ƙasa, akwai ragowar gishiri ko finol, kuma su ne ke hana enzayim aiki. Wajen wanke DNA da ƙwayoyin maganaɗisu, a haɗa itanol kashi 80 cikin ɗari sabo a ranar. Ga wani abu da hunturu ke jawowa: takardar umarni ta ce a bar ƙwayoyin su sha iska kamar daƙiƙa 30, amma a busasshiyar iskar Disamba da Janairu kafin ka juya sun tsage, kuma da sun tsage doguwar DNA ba ta sakuwa. Ido za ka sa, ba agogo ba. Da shekin danshi ya fara gushewa, zuba ruwan sakewa. A wankin ƙarshe, bayan an liƙa enzayim, ba a kusantar itanol sam, yana lalata shi. Akwai ruwan wanki na musamman a cikin kwalin.

Lodi shi ne wurin da hannu ke rawa. Abokin gaba ɗaya ne, kumfar iska. Duk ramin da iska ta taɓa ya tafi ke nan. Buɗe ƙofar share fage, ka sa fifet, wato bututun ɗibar ruwa a awo, ka janyo maikrolita 20 zuwa 30 a hankali, ta hanyar juya dabaran fifet ɗin, ba danna shi ba, har ka ga ruwa ya shigo bakin tsinken. Kada ka wuce haka, don dole ruwa ya ci gaba da rufe ramukan. Sai ka zuba maikrolita 800 na ruwan share fage, ka jira minti biyar, ka buɗe ƙaramar ƙofar SpotON, ka ƙara 200. Samfurin kansa maikrolita 75 ne: 37.5 na ruwan karatu, 25.5 na ƙwayoyin lodi, 12 na DNA. Ƙwayoyin suna kwantawa da sauri, a gauraya su daf da ɗiba. Ɗigo-ɗigo ake sakawa, kowane ɗigo ya shige kafin na bayansa. Rufe ƙofofin, ka ɗora murfin kare haske. Shawara ga shugaban lab: sabon ma'aikaci ya koyi wannan a kan tsohon farantin da ya gama aiki, da ruwa zalla, har sai hannunsa ya zauna.

Nau'in MinION mai suna Mk1B an yi shi ne don ɗaki mai digiri 18 zuwa 25, ɗan ƙaramin fanka ne ke sanyaya shi. A Maris da Afrilu, lokacin da Bauchi da Gombe ke taɓa digiri 40, ba tare da na'urar sanyaya ɗaki ba gudun enzayim yana kauce wa ƙa'ida, ingancin karatu ya faɗi. Mk1D da ya biyo baya ya fi riƙe zafinsa, kuma wanda zai saya yanzu shi ya kamata ya nema. Ko wanne ne, a nisanta shi da inda kwamfuta ke fitar da iska mai zafi, kuma a kiyaye kafar fankan daga ƙura.

Karatu ɗaya yana iya kai awa 72. In an ɗauke wuta kwamfuta ta mutu, abin da aka riga aka rubuta yana nan, amma aikin ya tsaya. Janareta kaɗai ba ya wadatarwa, saboda tazarar da ke tsakanin ɗaukewa da tayarwa, sai da inbata ko sola mai batir. A kashe barcin kwamfuta da sabunta Windows na kai tsaye, su biyun sun isa su katse aikin dare. MinKNOW kuma tana neman intanet don tantancewa, wanda zai fita ƙauye ya nemi izinin aiki babu intanet daga kamfanin tun da wuri.

Laftof ɗin ofis ba zai ɗauka ba. Ana buƙatar RAM aƙalla gigabait 16, rumbun SSD na terabait ɗaya, da katin sarrafa hoto na Nvidia mai ƙarfi, domin a kansa manhajar Dorado ke fassara lantarki zuwa haruffa. Tana da matakai uku: mai sauri, mai inganci, da mafi inganci. Dabarar da ta fi dacewa da mai ƙaramar kwamfuta ita ce ya bar mai sauri yana aiki lokacin karatu don ya ga abin da ke fitowa, ya ajiye ɗanyen bayanin POD5, daga baya ya sake fassarawa da mafi inganci. Ɗanyen bayanin yana cin wuri, cikakken karatu na iya kai ɗaruruwan gigabait.

Tsohon zargin da ake yi wa MinION na yawan kuskure ya ragu sosai. Da ramukan R10.4.1 da mataki mafi inganci, karatu ɗaya yana kai kusan kashi 99 cikin ɗari. Inda har yanzu take tuntuɓe shi ne harafi ɗaya da ya maimaitu a jere, kamar A takwas, sai ta ƙirga bakwai ko tara, saboda lantarkin ba ya sauyawa sosai a tsakaninsu. Maganinsa a karanta kowane wuri sau da yawa, sannan duk wani sauyi da ya faɗo a irin wannan wuri a yi masa kallon tuhuma. A ɗaya ɓangaren tana karanta dogayen igiyoyi masu dubban haruffa, abin da ke sa haɗa cikakken jerin bakteriya ya zo da sauƙi fiye da na'urorin gajeren karatu.

Kamfanin yana ambaton haruffa har kusan biliyan 50 a faranti guda. Wannan a yanayi mafi kyau ne, mai kasafi ya lissafa rubu'insa. Ko a haka lissafin yana fita idan an tara samfura: bakteriya mai haruffa miliyan 5, a karanta ta sau 50, miliyan 250 ke nan, samfura 24 kuma biliyan 6. Da kayan lambar shaida na samfura 24 ko 96, masu liƙa wa DNA ɗin kowane samfuri alamarsa, ake haɗa su a faranti ɗaya. A daidaita yawan DNA ɗin kowanne kafin a gauraya, in ba haka ba ɗaya zai cinye rabon sauran. A ware lamba ɗaya ga ruwa zalla, shi ne zai tona asiri in ragowar PCR ɗin jiya ta gurɓata teburin. In an samu abin da ake nema da wuri, a tsayar da karatun, a wanke farantin da kayan wankinsa na awa guda, a sake amfani da shi, amma da wasu lambobin daban.

Ɗakin gwajin da ya riga yana PCR kullum, yana da sanyi da wutar da ba sa yankewa, da mutum ɗaya aƙalla da ya iya sarrafa bayanai a Linux, zai ci moriyarta. Wanda samfuransa biyu ko uku ne a wata, gara ya aika su wata cibiya. Kafin a biya dillali, a sa ya rubuta ranar da fulosel ya bar kamfani, yadda za a riƙe sanyinsa daga filin jirgi zuwa Bauchi, da wanda zai ɗauki asara in ƙirgen ranar farko bai kai 800 ba.