Binciken zagaye ko binciken awo: wanne ya dace da masana'antarka?

Alhaji, na karanta tambayarka. Ka ce kuɗin wuta da na man janareta sun yi wa masana'antarka ta robobi yawa, ka nemi a binciko maka inda makamashi ke zurarewa, sai injiniyoyi biyu suka kawo maka tayi. Na farko ya ce yini ɗaya ya ishe shi ya zagaya ya rubuta rahoto. Na biyu ya ce sai ya girka na'urorin awo na wasu makonni, kuma kuɗinsa ya ninka na farkon. Kana son sanin ko na biyun tsadar banza ce kawai.

Ba tsadar banza ba ce, kuma na farkon ma ba ha'inci ba ne. Aiki biyu ne daban suke sayar maka. Ƙungiyar ASHRAE ta Amurka, wadda ta haɗa injiniyoyin sanyaya gini da ɗumama shi, ta kasa irin wannan bincike mataki uku, ta kuma tsara su cikin ƙa'idarta mai lamba 211 a 2018. Mataki na ɗaya shi ne zagaye, na biyu bincike da awo, na uku kuma zurfafa lissafi a kan babban aiki guda da za a zuba wa jari mai kauri. Ƙa'idar ISO 50002 ta 2014 ita ma kashi uku ta yi. To, injiniyanka na farko yana mataki na ɗaya, na biyun yana mataki na biyu.

Mai zagaye da takardu yake farawa. Zai nemi rasit ɗin kuɗin wuta da na mai na aƙalla wata 12, idan akwai na shekara biyu ko uku ma ya fi, don ya ga yadda jan wuta ke hawa da sauka tsakanin lokacin zafi da na sanyi. Daga nan sai ya bi ginin da ƙafa. Abin da yake kamawa shi ne abin da ido ke iya gani: fitilun da ke ci a sito babu kowa, tsofaffin dogayen ƙwayaye da ya kamata a ce LED ya maye gurbinsu, na'urar sanyaya ɗaki da ƙura ta toshe matatarta, ƙofar da ake bari a buɗe sanyi na fita, bututu mai zafi da rufinsa ya yage. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma ƙwararren ido yana gano abubuwa da yawa a yini ɗaya. Sai dai alƙaluman da zai rubuta maka ƙiyasi ne. Zai duba farantin da ke jikin inji ya ga an rubuta kilowat 55, ya tambayi ma'aikatanka awa nawa yake aiki, ya ninka.

Mai awo ba ya tsayawa a kan abin da aka rubuta a jikin inji. Yana maƙala na'ura a wayoyin da ke shiga kowane babban inji, ta riƙa rubuta abin da yake ja dare da rana. A nan ne ake ganin cewa injin da aka rubuta wa 55 wataƙila rabin haka yake ja saboda ya fi ƙarfin aikin da aka ba shi, ko kuwa wanda aka ce ana kashewa da ƙarfe shida yana nan yana ci har asuba. Yana zuwa da kyamarar da ke ganin zafi don duba allunan wuta da jikin injunan narka roba, da na'urar da ke jin ƙarar yoyon iska wadda kunnen mutum ba ya ji cikin hayaniyar aiki. Rahotonsa kan zo da kowane gyara da kuɗin da zai ci, da abin da zai rage maka a shekara, da tsawon lokacin da kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Da a ce ginin ofisoshi kake da shi, ko kanti, ko otal ƙarami, da na ce maka fara da na farkon ba tare da wani dogon tunani ba. A irin waɗannan gine-gine sanyaya ɗaki da fitilu ne ke cinye mafi yawan wuta, kuma kurakuransu iri ɗaya ne kusan ko'ina. Ɓangaren ofis da ke gaban masana'antarka ma zagaye ya ishe shi.

Cikin masana'anta kuwa labari ya sha bamban, kuma bari in tsaya a kan kwampureso, wato injin da ke matsa iska ya tura ta cikin bututu zuwa injuna, don na tabbata kana da shi tunda robobi kake yi. Na taɓa shiga wata masana'anta ranar da ba a aiki. Duk injuna a kashe, babu kowa sai mai gadi da injiniyan wurin. Muna tsaye sai muka ji kwampureso ya tashi da ruri, ya yi ɗan lokaci ya lafa, can ya sake tashi. Babu inji ko ɗaya da ke amfani da iskar. Da ya lafa muka yi shiru, sai ga ƙarar "sss" tana fitowa ta ko'ina: wata daga mahaɗar tiyo da aka naɗe da tef, wata daga bawul da ke bayan wani inji, wata can sama inda hannu ba ya kaiwa. Injiniyan ya shekara yana wucewa ta wurin kullum bai taɓa ji ba, saboda ranar aiki hayaniya na rufe komai. Abin ya dame ni ƙwarai, don mai wurin yana ta tunanin sayen kwampureso na biyu, a zatonsa na farkon ya yi masa kaɗan.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta daɗe tana faɗakar da cewa a masana'antar da ba a kula da bututunta, yoyo kan cinye kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar da kwampureso ke samarwa. Ga shi ita iskar tsada gare ta, domin mafi yawan wutar da kwampureso ke ja zafi take komawa, kaɗan ce ke zama aiki. Haka kuma idan ana tura iska da ƙarfin da ya wuce buƙata, rage "bar" ɗaya (awon matsin iska ke nan) a ma'aunin matsi kan rage wutar kwampureso da kusan kashi 7 cikin ɗari. Mai zagaye da ya zo ranar aiki zai iya rubuta maka "a duba yoyon iska" a layi ɗaya. Mai awo shi ne zai ce maka ga yawan da ke fita, ga wuraren, ga abin da yake ci maka a wata.

Haka abin yake a fanka da famfon ruwan sanyaya injuna. Idan aka rage gudun fanka da kashi ɗaya cikin biyar, wutar da take ja kan sauko kusan rabi, shi ya sa na'urar daidaita gudun inji ke da riba sosai a wasu wurare. Amma a famfon da ke tura ruwa sama mai nisa ribar ba ta kai haka, a injin da dole ya yi cikakken gudu kullum kuwa babu ribar ko kaɗan. Ido ba ya raba waɗannan, sai awo. Idan ka sayi na'urar a kan ƙiyasi, kana iya ɗora ta inda ba za ta amfane ka ba.

Kowannensu yana da inda yake gazawa. Raunin zagaye shi ne ya bar ka da jerin shawarwarin da za a iya miƙa wa kowace masana'anta. Raunin awo shi ne a yi shi a makon da bai yi kama da sauran makonni ba, misali lokacin da oda ta yi ƙasa ko wani babban inji na kwance, sai a gina lissafin shekara a kan tubalin toka. Akwai kuma abin da ya shafe su duka: ka tambayi kowannensu ko yana sayar da kayan da zai ba ka shawarar saye. Mai sayar da fitilu matsalar fitilu zai fi gani. Ba laifi ba ne ya sayar, amma gara ka sani tun kafin rahoto ya zo hannunka.

Shawarata, Alhaji, ka ɗauki na biyun, amma kada ka bar shi ya auna komai da komai, don a nan kuɗin ke kumbura. Ya fara da yini ɗaya na zagaye da duba rasitai, ku zauna ku fitar da abubuwa uku ko huɗu da suka fi jan wuta, wataƙila injunan narka roba, kwampureso da na'urar sanyaya ruwa, sannan awo ya tsaya a kansu. A rubuta cikin yarjejeniya cewa awon zai haɗa da dare da ranar hutu, zai ba ka ɗanyen alƙaluman da na'urorinsa suka ɗauka, kuma zai lissafa yawan yunit ɗin wutar da ake ci a kan kowane kilo na robar da ka sarrafa. Wannan adadi ne zai nuna maka bayan wata shida ko gyaran ya yi aiki, ko da oda ta ƙaru ko ta ragu.

Kafin ka sa hannu da kowa, akwai gwajin da agogo kawai yake buƙata, idan kwampuresonka irin mai tashi da lafawa ne. Ranar da ba a aiki, a kashe duk abin da ke amfani da iska, a bar bawuloli a buɗe yadda suke kullum, a kunna shi ya cika. Ka ƙirga mintunan da yake yi yana tura iska da waɗanda yake yi a lafe, sau takwas ko goma, ka ɗauki matsakaici. Idan yana tura iska minti 2 ya huta minti 6, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa yoyo yake ciyarwa. Ka kawo mana abin da ka samu, mu duba tare kafin ka zauna da injiniyan.