SureFly a jikin Cessna 172: tayar da inji ya gyaru, amma ku duba bawul tukunna

Jama'a masu tambayata ta inbox kan SureFly, na'urar lantarki mai ba fulogan inji tartsatsi, da muka sa wa jirgin kulob ɗinmu a nan Amurka, ga abin da na gani. Jirgin Cessna 172P ne, injin Lycoming O-320 mai ƙarfin doki 160, kuma kafin mu canza wallahi tayar da shi da sanyin safiya aiki ne, sitata ta yi ta juya farfela batir na neman mutuwa, in ma ya kama sai ya dinga kakkarwa yana tari.

Injiniyanmu bai yarda mun sayi komai ba sai da ya bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma na ji daɗin hakan. Ya kwance fulogai, na ƙasa duk dalmar man jirgi na 100LL ta cika su, ya wanke ya gyara tazararsu. Bakin firaima (mai fesa wa injin mai kafin a tayar da shi) ɗaya ya toshe, ya buɗe. Sai ya juya farfela da hannu bayan ya cire wayoyin fulogi, yana sauraron ƙaras ɗin nan da magneton hagu ke yi (magneto ita ce ke haɗa tartsatsi daga juyin injin, biyu ne, hagu da dama), ya ji ta yi rauni. Sifirin ne a ciki da ke riƙe magneto ya sake ta da ƙarfi, don a samu tartsatsi mai kyau kuma a makare lokacin da injin ke juyawa a hankali, tunda taimin ɗin injin na digiri 25 kafin fistin ya kai ƙololuwa ya yi wuri ga tayar da injin. In wannan ya gaji to sai wahala.

A gurbin magneton hagun aka ɗaura SureFly ɗin, ta dama tana nan yadda take. SureFly ɗin daga batir take shan wuta, shi yasa tartsatsinta baya jiran saurin juyi. Gaskiya bambancin a fili yake, yanzu farfela bata gama zagayawa sosai ba injin ya kama, zafi ko sanyi, kuma a gwajin da ake yi a 1700 RPM (juyin inji a minti ɗaya), inda ake kashe ɓangare ɗaya a ga yadda juyin zai faɗi, faɗuwar tana cikin iyakar littafin jirgin, wato kar ta wuce 125, tsakanin ɓangarorin biyu kuma kar ya wuce 50. Sannan ita SureFly babu binciken awa 500 da ake yi wa magneto, kamfanin awa 2400 ya ba ta. Kuɗinta dai ba kaɗan bane, kuma dole batirinka da wayarin su zama lafiyayyu.

Abin da yafi damuna shine masu ɗaukarta maganin komai. In injinka ya tashi yana girgiza na ɗan lokaci da safe sannan ya daidaita da ya ɗau zafi, don Allah kar ka ce fulogi ne ko magneto ka wuce, sau da yawa bawul ɗin fitar hayaƙi ne yake maƙalewa a hanyarsa saboda datti, kuma ranar da zai maƙale gaba ɗaya kana iya kasancewa a sama ka rasa silinda guda. Lycoming na da takardar SB 388 kan yadda ake auna wasan bawul ɗin. Namu an auna kafin a taɓa magneto, ya fito lafiya, shi yasa hankalina ya kwanta. Duk wanda zai saya ya sa injiniyansa ya fara da wannan gwajin, sannan ya tabbatar takardar amincewar na'urar ta ƙunshi samfurin injinsa.