Sabon kwatabak a NFL: a jefa shi fili ko ya zauna benci?

A NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafar Amurka, duk ƙungiyar da ta ɗauko sabon kwatabak (ɗan wasan da ke jagorantar hari, yana jefa wa abokan wasansa ƙwallo da hannu) daga jami'a sai magoya bayanta sun rabu gida biyu.

Masu cewa ya zauna benci tukuna suna kafa hujja da Patrick Mahomes. Kansas City ta ɗauke shi a 2017, ya shafe kakar yana kallon Alex Smith, kwatabak ɗin da ya tarar a ƙungiyar, wasa ɗaya kacal ya buga. A 2018 ya yi jifa 50 da suka kai ga ci, aka ba shi gwarzon shekara. Aaron Rodgers ma shekara uku ya jira bayan Brett Favre a Green Bay. Sai dai dukkansu ƙungiyoyi masu ƙarfi suka tarar, abin da masu wannan ra'ayi ba su cika ambata ba.

Ɗaya ɓangaren kuwa cewa suke ba a koyon iyo a tudu. Peyton Manning ya fara tun 1998, abokan hamayya suka cafe jifansa sau 28, Indianapolis ta ci wasa 3 cikin 16. Shekara na zagayowa ta ci 13. Ga kuma batun kuɗi: tun yarjejeniyar 2011 tsakanin NFL da 'yan wasanta albashin sabon ɗan wasa ƙayyadadde ne na shekara huɗu, don haka ajiye shi a benci ɓarnar shekarun arha ce.

Ni dai 'yan wasan da ke tsare gaban sabon kwatabak ɗin nake fara dubawa. Houston ta jefa David Carr fili a 2002 babu kariya, aka kayar da shi sau 76 a kaka ɗaya, bai taɓa zama abin da aka zata ba.