Wane Tsohon Fim Na Baƙi Da Fari Ya Kamata A Fara Saya?

Duk wanda ya yi niyyar kashe kuɗinsa a kan tsofaffin fina-finan baƙi da fari, ko ta sayen faifai ko ta biyan kuɗin kallo a intanet, ya kamata ya fara auna abu biyu, wato yawan maganar da ke cikin fim ɗin da kuma tsawonsa, domin su ne kan sa mutum ya kalli fim har ƙarshe ko ya watsar da shi a tsakiya.

Ga gidan da ba kowa ke jin Turanci ba, City Lights na Charlie Chaplin, wanda ya fito a 1931, shi ne mafi sauƙi, saboda labarin talakan da ke taimaka wa wata makauniya mai sayar da furanni yana tafiya ne ba da magana ba, kuma bai kai awa ɗaya da rabi ba. Akasinsa shi ne 12 Angry Men na 1957, inda mutum goma sha biyu suke muhawara a ɗaki ɗaya kan ko wani matashi ya kashe mahaifinsa. Fim ne mai ƙarfi, amma wanda Turancinsa bai nuna ba zai sha wahala. Casablanca na 1942 ya fi su suna, sai dai shi ma daɗinsa yana cikin zance ne.

A ganina, wanda zai sayi guda ɗaya tak ya sayi Bicycle Thieves, wanda Vittorio De Sica ya shirya a Italiya a 1948. Wani magidanci ne a birnin Rum ya samu aikin manna takardun talla bayan dogon zaman kashe wando, amma aikin ba ya yiwuwa sai da keke, don haka matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu aka fanso kekensa, sai kuma aka sace shi tun ranar farko. Sauran fim ɗin yawo ne na uba da ƙaramin ɗansa suna neman keken. Jarumin ba ɗan fim ba ne, ma'aikacin masana'anta ne, shi ya sa damuwar da ke fuskarsa ba ta yi kama da ta wasa ba. Maganar ba ta da yawa, kuma fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo ta wadatar.

Seven Samurai na Akira Kurosawa, wanda aka yi a Japan a 1954, yana buƙatar haƙuri, domin minti 207 ne. Labarin manoma ne da 'yan fashi ke kwashe musu amfanin gona, suka ɗauko mayaƙa bakwai a kan ladan abinci kawai, kuma wanda ya san halin da ƙauyukan Zamfara da Katsina ke ciki ba zai kalle shi a matsayin almara ba. A duba tsawonsa kafin a biya, domin akwai kwafin da aka datse.

Masu sha'awar fina-finan Indiya za su samu waƙa da soyayya a Awaara na Raj Kapoor na 1951 da Pyaasa na Guru Dutt na 1957, amma kada su yi tsammanin rawa a Pather Panchali na Satyajit Ray na 1955, wanda labarin talaucin ƙauye ne da harshen Bengali. Daga Afirka akwai La Noire de na Ousmane Sembène na 1966, kan wata 'yar aiki 'yar Senegal a Faransa. Kimanin awa ɗaya ne, amma ƙarshensa ya yi wa yara nauyi.

Bayan zaɓen fim, saura zaɓen kwafi. A nemi wanda aka gyara daga faifan asali, irin na kamfanin Criterion, a guji wanda aka shafa wa launi da kwamfuta daga baya, domin masu ɗaukar hoton sun tsara haske da inuwa ne don baƙi da fari. Yawancin waɗannan fina-finai ba sa cika faɗin talabijin na zamani, saboda haka baƙin gefe a dama da hagu ba lahani ba ne. Mai sayen faifai daga waje kuma ya tabbata na'urarsa tana karanta faifan yankin da aka buga shi.