Hattara da mai tallar "bugun farko" na littafin tarihin sankara

Jama'a, musamman likitoci da ɗaliban likitanci, a yi hattara da wani mai tallar littattafai a Facebook da WhatsApp. Hajar da yake yawo da ita yanzu ita ce The Emperor of All Maladies, littafin da Dokta Siddhartha Mukherjee ya rubuta kan tarihin cutar sankara. Cewa yake bugun farko ne, da sa hannun marubucin a ciki, kwafi biyu suka rage, kuma wai in ka adana shi 'yan shekaru, masu tara littattafai a Amurka za su saye shi da daloli masu kauri. Wata ƙanwata da ke karatun likita saura ƙiris ta tura masa kuɗin da aka ba ta na rajista. Allah ya taimaka ta fara nuna mini hotunan.

Hoton farko ma ya isa ya tona masa asiri. A jikin rigar littafin, wato takardar da ke lulluɓe da bangon, an buga cewa ya ci kyautar Pulitzer, wata babbar lambar yabo da ake ba marubuta a Amurka. To, kamfanin Scribner ya fitar da littafin nan a New York a watan Nuwamba na 2010, kyautar kuwa sai a Afrilun 2011 aka sanar da ita. Ta yaya rigar da aka buga a 2010 za ta ɗauko labarin abin da bai faru ba tukuna?

Da ta yi masa wannan tambayar, sai ya turo hoton bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi, ya zagaye layin da ke cewa bugun farko na Scribner mai bango mai tauri, Nuwamba 2010. A nan ake cin mutane da yawa, domin layin gaskiya ne, amma manyan kamfanoni kan bar shi yadda yake ko da sun sake buga littafin sau da dama. Abin da ke canzawa shi ne jerin lambobin da ke ƙasansa. A kwafin da ya fito a karon farko za ka ga 1 3 5 7 9 10 8 6 4 2. Duk lokacin da aka sake bugawa sai a cire lamba mafi ƙanƙanta, saboda haka wadda ta rage mafi ƙanƙanta ita ce ke gaya maka karo na nawa ne. In babu 1, magana ta ƙare. A hoton nasa, babban yatsansa na kwance daidai kan wannan jeri. Aka ce ya ɗaga yatsan ya sake ɗauka, ya ce littafin na shago, shi kuma yana kan hanya.

A duba kuma leɓen rigar na ciki, inda farashi yake: dala 30. Rigar da aka yanke wa wannan kusurwa, ko littafin da aka ja wa layin tawada a ƙasan shafukansa, alamar ragowar kaya da aka karyar, darajarsa ta faɗi a wajen masu tarawa. Sa hannu kuwa, kowa na iya kwaikwaya da biro.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne alkawarin riba. Littafi ne na babban kamfani, ya yi kasuwa, kwafinsa sun cika duniya. Ko na gasken ka samu, ba zai mayar da kai mai kuɗi ba. Wanda karatu ya dame shi ya sayi mai bangon takarda, littafi ne da ya cancanci a karanta.

Duk wanda ya nace sai bugun farko, ya nemi bidiyo guda, ba yankewa, daga bango zuwa jerin lambobin, kuma kada ya biya sai littafi ya zo hannunsa. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya garzaya bankinsa yau ɗin nan da shaidar turawa da hotunan hirarsu, sannan ya kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC.