Ajin waƙa na Baba Malam a Zuru: ga wanda ya dace da shi

Mata da dama a Zumunta, ƙungiyarmu ta matan majami'a, sun sha tambayata ko ajin waƙar da Baba Malam yake yi ranar Asabar a bayan majami'armu ya cancanci kuɗinsa. Ya cancanta, amma ba ga kowa ba. Mai son ɗansa ya iya danna kibod cikin wata biyu don ya riƙa samun na kashewa a wurin biki, gara ya nemi wani wuri, domin a nan yaro kan yi watanni bai taɓa kibod ba.

Baba tsohon malamin firamare ne. Ya fara riƙe alli tun Zuru tana ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Kebbi a 1991. An yi ta yawo da shi a makarantun ƙauye, daga wajen Dabai har Ribah, kuma duk inda aka kai shi sai ya tara matasa ya kafa ƙungiyar mawaƙa. Yawancin masu jagorancin waƙa a majami'un unguwarmu ta hannunsa suka biyo. Da ya yi ritaya ne ya buɗe wannan aji na yara.

Da solfa yake farawa, wato do, re, mi, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila tun wajen shekarun 1840, 'yan mishan kuma suka shigo da shi majami'unmu. Kowace murya tana da alamarta ta hannu. In ya dunƙule hannu, do ke nan. In ya shimfiɗa tafi yana kallon ƙasa, mi. In ya ɗaga yatsa sama, ti. Sai ka ga yara sun zuba wa hannunsa ido suna rera abin da ba su taɓa ji ba, bai buɗe baki ba. Yana da wani ɗan ƙarfe mai reshe biyu a aljihun gaba. Zai buga shi a gwiwa, ya kanga a kunne, ya ba kowane sashe muryarsa: sofrano, alto, tena, bes, wato daga mafi siririyar murya zuwa mafi kauri. Don haka ko an ɗauke wuta aji ba ya tsayawa. 'Yata da a dā take bin duk muryar da ta fi ƙarfi a kusa da ita, yanzu tana riƙe alto ɗinta ko da masu sofrano sun kewaye ta.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne yadda yake girmama harshe. Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da dogon wasali da gajere, waƙoƙin sujada da yawa kuwa karinsu daga Turai ya zo. Shi ya sa wani lokaci ana rerawa amma tsofaffin da ke bencin baya ba sa kama maganar. Baba ba ya barin a rera baiti sai an karanta shi da ƙarfi kamar ana zance. Inda kari ya ja gaɓar da bai kamata a ja ba, sai ya gyara da fensir, ya sa a maimaita har maganar ta fito sarai. Yakan ce wa yaran in kakarsu ba ta gane abin da suka rera ba, to ba su yi waƙa ba tukuna.

Bai raina namu na gida ba. Waƙoƙin Zumuntar Mata da muke yi da tulu da kacau-kacau, mai bayarwa ta bayar a amsa, yana zama ya saurare su ya rubuta da solfa. Na ga littattafan da idona: na rubutun 'yan makaranta ne, bangonsu ya sha hannu, an ɗaure da kyauro, wasu waƙoƙin da Hausa wasu da C'lela, harshen Dakarkari. Akwai waɗanda matan da suka tsara su sun riga mu gidan gaskiya, ba su nan ko'ina sai a cikin waɗannan shafuka. Wannan kaɗai ya isa in ba shi amanar 'yata.

Akwai inda nake da ƙorafi. Kibod ɗaya ne, tsohon Yamaha, maɓallansa biyu sun daina magana. Ɗakin rufin kwano ne, a watan Maris da Afrilu yara kan fito sharkaf da gumi. Rubutun kiɗa na layi biyar kaɗan yake taɓawa, saboda haka mai niyyar rubuta kiɗa a WAEC ko jarrabawar MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Legas, sai ya ƙara da wani malami. Kuma na lura samari sun fi samun zama a gaban kibod. Na same shi bayan an tashi na ce, "Baba, 'yan matan fa? Ko su waƙa kawai za su tsaya?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "'Yata, kin faɗi gaskiya, haka muka tarar." Yanzu an fara yi musu layi, sai dai har yau rabon bai daidaita ba.

Yana da zafi a kan lokaci. Ƙarfe tara yake rufe ƙofa, kuma ba ya sauraren uzurin uwa. Kuɗin wata bai kai abin da ake biyan mai lesin na lissafi ba, marayu kuwa ba ya karɓar ko sisi a hannunsu. Yaron da bai kai shekara bakwai ba a ɗan dakata masa, zaman ya yi masa tsawo. Wanda ya kai, a haɗa shi da littafin rubutu, fensir da gorar ruwa, kuma a tabbata ya karya kumallo, domin atisayen numfashi ake fara yi a tsaye.